Hannun Daman Bibi Robabe

Duk baƙon da ya kwana a otal ɗinmu sai ya yi mini tambaya biyu. Ta farko, yadda hasumiyar iska ke sanyaya ɗaki ba lantarki; wannan nakan tura shi wajen mai gida, shi ne mai son surutu. Ta biyu, me ya sami hannun tsohuwar nan da ke zama a zaure. Nakan ce amosanin ƙashi ne. Ƙarya nake yi. Amosani ba ya mayar da yatsun mutum kamar saiwar citta a yini ɗaya. Ni Shokuh, mai shimfiɗa da wankin zannuwan gado, a gabana aka yi abin, kuma har yau in na ji ana fasa dunƙulen sukari sai in bar wurin.

Bibi Robabe ta girmi otal ɗin nesa ba kusa ba. Asalin gidan na Hajj Abdol-Vahhab ne mai fataucin lalle, nan tsohuwar unguwar Fahadan a birnin Yazd, cikin lungun da ko keken kaya sai ya karkace yake shiga. Tana yarinya ta zo gidan, bayan rami ya rufta da ubanta, wanda sana'arsa haƙar hanyar ruwa ce ta ƙarƙashin ƙasa. Aiki biyu uwargidan ta ba ta: fasa dunƙulen sukari don shayi, da amsa zoben mata.

Ƙofarmu irin ta da ce, ƙarfenta biyu. Dogon nan mai nauyi na maza ne, in ya yi gum-gum matan gida su ja mayafi, namiji ya je ya buɗe. Zoben na mata ne, sautinsa siriri, in ya yi ƙara mace ta buɗe ko da kanta ba lulluɓi. Bibi ta yarda da ƙarafan nan fiye da yadda ta yarda da idonta. A wajenta tsayawa bayan ƙofa kana tambayar "Wane ne?" aikin gidan da ba tarbiyya ne. "Ƙofa ta riga ta faɗa miki," in ji ta, "sai dai in ke kurma ce."

Da son ranta ta auri Ezzat mahauci, kada wani ya ji tausayinta ta wannan gefen. Ta ce gashin bakinsa ne ya ruɗe ta. Ashe ɗan daba ne mai yawo da sarƙa a aljihu, kuma a jikinta yake gwada ta kafin ya fita. Haƙoranta biyu na gaba sarƙar nan ce ta tafi da su, cikinta na fari ma ita ce. Da ta tashi daga jinyar ɓarin sai ta tattara ta koma gidan mai lalle. Wata rana da azahar, mazan gidan duk suna kasuwa, ƙarfen maza ya yi ƙara irin ta mai neman ɓalle ƙyaure. Bibi ta ɗauki gudumar sukari, wadda gefe guda kai ne, gefe guda kaifi kamar ƙaramin gatari, ta laɓe bayan ƙyauren hagu.

Zaurenmu duhu ne ko da tsakar rana. Wanda ya shigo daga rana makaho ne na ɗan lokaci, kuma dole ya fara dafa ƙyaure kafin ya tsallake dokin ƙofa. Hannun da Ezzat ya dafa da shi ta fara sauke wa gudumar, sannan ta bi da gwiwa. Bai ƙara riƙe wuƙa ba, balle sarƙa. Ya ƙare rayuwarsa yana sayar da gasasshen iri a bakin masallaci, in ya hango ta tafe sai ya juya fuska bango. Labarin nan na ji shi daga bakinta ya fi a ƙirga, kuma kullum a wuri ɗaya take dariya, wajen gwiwar.

Da jikokin mai lalle suka mayar da gidan otal, da ita aka gaje shi, kamar bishiyoyin rumman da tafkin tsakar gida. Baƙi na son ta don ta dace da hoto, ita kuwa ba ta son su. Sukan tsaya suna wasa da ƙarafan ƙofa, namiji ya buga zobe yana dariya matarsa na ɗauka. Wani ɗan rakiyar baƙi da ya koya musu haka ya sha marin da hularsa ta faɗa kwata. Mai gida ya sa ƙararrawar lantarki, ta tumɓuke wayar ta jefa masa a kan tebur. Daga nan aka yi sulhu: Yadollah mai gadi na amsa ƙarfen maza, Bibi na amsa zobe. Ni da ita ba ma jituwa sosai, don takan ce shimfiɗata kamar jaki ya yi birgima a kai. Amma in na yi zazzaɓi ita ke dafa mini miyar ganye da ake kira shuli, ta tsaya a kaina tana zagina har sai na shanye.

Da tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke korar baƙi, wata mata ta sauka a wurinmu. Sunanta Gol-Bahar, daga wani ƙauye can yankin Lorestan, doguwa, busasshiya, da zanen shuɗi a haɓa irin na mutanensu. Ba yawon buɗe ido ta zo ba. Ɗanta Kiyumars direban babbar mota ne. Sun yi faɗa a tashar lodi da wani saurayi ɗan garinmu mai suna Behruz, kan wa ya riga wa a layi, Kiyumars ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya buga masa sau ɗaya a ka. Behruz bai kai asibiti ba. Kotu ta yanke ƙisasi, an kuma tsayar da ranar rataya. Uban mamacin ya daɗe da rasuwa, don haka mutum ɗaya ce a duniya za ta iya cewa ta yafe a kwance igiya: uwarsa, Nane Kobra, a unguwar maƙeran tagulla.

Mai gida ya ba Gol-Bahar ɗan ɗakin da ke kusa da matakalar ɗakin ƙasa. Kullum da safe takan tafi ta zauna a ƙofar Nane Kobra, ba ta buga ko zobe, zama kawai. Ranar farko ta dawo jiƙe da ruwan wanke-wanke. Wata rana da toka a ka. Sannan ta dawo goshinta a fashe, jini ya bushe mata har cikin ido.

Bibi ta zaunar da ita a gadon katako bakin tafki, ta ƙona tsumma ta danna tokar a raunin.

"Ita ta jefe ki?"

"A'a, Bibi, 'ya'yanta ne. Ita ko leƙowa ba ta yi."

"Ke kuma kika tsaya kamar turmi?"

"In na kauce sai su ce ban zo da gaske ba," in ji Gol-Bahar. "Su fasa kaina duka, Bibina. Nawa kan ai ya gama amfani."

"Rufe mini baki, sha shayi," Bibi ta ce, ta tura mata gutsuren sukari mafi girma a faranti. Ban taɓa ganin ta ba wani babban gutsure ba, ko mai gida.

'Ya'yan Nane Kobra da suka rage su biyu ne, Jalil da Mansur, duk maƙeran tagulla, damtsensu ya kai cinyata. Ana saura kwanaki kaɗan a yi ratayar suka zo otal da la'asar. Bibi ta tafi gidan wanka, abin da har yau take tsine wa kanta a kai. Ƙarfen maza ya yi ƙara, Yadollah ya buɗe, ya dafa ƙirji zai fara gaisuwa. "Marhabin, ku shigo, gidanku ne," bai ƙarasa ba Jalil ya sauke masa gudumar ƙira a muƙamuƙi. Na ji ƙarar daga saman bene. Kafin in sauko sun taka shi a zaure, sun shiga tsakar gida.

Gol-Bahar ba ta gudu ba, ita ta fito musu. Mansur ya naɗe kitsonta a hannu ya ja ta a kan tubali, ya zagaya tafki da ita, gwiwoyinta na barin jini. Ya tura kanta cikin ruwa ya danne, jajayen kifayen suka watse, ƙafafunta na dukan ƙasa. Ya ɗago ta, ya sake dannewa. Wasu baƙi biyu mata da miji da ke shan shayi suka rarrafa ƙarƙashin gadon katako. Ni na ɗauki tulun sanyaya ruwa na jefa, ya fashe a bayan Jalil, ya juyo ya ba ni bayan hannu, kunnena na hagu bai ƙara ji sosai ba.

"Ke tsohuwar mayya," Mansur ya ce da Gol-Bahar, yana haki, "uwarmu ta daina cin abinci saboda inuwarki a ƙofarta. Gobe za mu dawo. In muka same ki a garin nan, gawarki za ta riga ta ɗanki zuwa ƙauye."

Da Bibi ta dawo ta tarar ana ɗauke Yadollah a bargo, ruwan tafki ya yi ja. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon tubalin, sannan ta shiga kicin, na ji tana wasa kaifin gudumar sukari a dutse. Tsoro ya kama ni, ba tsoron maƙeran ba, tsoronta.

Washegari mai gida ya tafi asibiti wajen Yadollah, daga can ofishin 'yan sanda. Baƙin nan biyu tun da safe suka kama gabansu. Na roƙi Gol-Bahar ta koma wani masauki, ta ce ko kabari ne ba za ta matsa daga unguwar ba. Muka rage mu uku, mata zalla. Bayan azahar, lokacin da duk Yazd ke kwance, ko kyanwa ba ta tsallaka lungu, ƙarfen maza ya yi ƙara. Gum. Gum. Gum. A hankali, da nauyi.

"Sun zo," in ji Bibi. Wallahi kamar murna take yi. "Shokuh, ki zare sakata ki ja baya."

"Bibi, don Allah bari in tambaya ko wa..."

"Kurma ce ke? Ƙofa ta faɗa miki."

Ta laɓe bayan ƙyauren hagu, wurinta na da. Na zare sakata, na manne da bango. Ƙyauren ya buɗe kaɗan, hasken rana ya kashe mini ido, hannu ya shigo ya dafa katako. Bibi ta sauke guduma da duk ƙarfin da ya rage mata a duniya.

Ihun da ya biyo baya na mace ne.

Wata 'yar guntuwar tsohuwa cikin baƙin mayafi ta faɗo cikin zaure a kan gwiwa, tana rungume da hannun damanta. Wuyan hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Gol-Bahar ta fito da gudu, ta dubi fuskar, sai ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba, ta shiga buga kanta da bango.

"Ita ce! Bibi, ita ce! Kin kashe mini ɗa!"

Nane Kobra ce. Mutum ɗaya tak da ran Kiyumars ke bakinta, ita Bibi ta karya.

Guduma ta faɗi daga hannun Bibi. Abin da ya fara fitowa daga bakinta faɗa ne, don ba ta san wata hanyar magana ba. "Ke wace irin mace ce? 'Yar Yazd, da furfurarki, ki buga ƙarfen maza?"

Nane Kobra ta ɗago kai, gumi na zuba, fuskarta fara fat. "Da gangan na buga," ta ce. "Namiji nake so ya buɗe mini. Mace za ta kama mayafina ta yi mini kuka, ni kuwa na gaji da kukan mata. Saƙo na kawo, in faɗa wa namiji in juya. A gaya wa wannan ta koma garinsu ta haƙa kabari. Ban yafe ba, ba zan yafe ba, kuma kada 'ya'yana su shiga kurkuku saboda ita." Ta dubi hannunta. "Ga shi kun ƙara mini hujja."

Ta yunƙura za ta tashi. Bibi ta mayar da ƙyaure ta tura sakata.

"Ba inda za ki, baiwar Allah, sai kin karɓi haƙƙinki."

Ta shiga kicin ta fito da akwatin fasa sukari, mai dungun ƙarfe a tsakiya, ta dire shi a ƙasan zaure. Ta durƙusa, ta naɗe hannun riga, ta shimfiɗa hannun damanta a kan dungun. Da hagu ta ɗauki guduma ta miƙa wa Nane Kobra ta ƙota.

"Ƙisasi kike so, ga shi. Hannu da hannu. Ba alƙali, ba jira."

"Kin haukace," in ji Nane Kobra.

"Tun kafin a haifi ɗanki. Karɓi. Kin daɗe kina son ki doki wani, 'ya'yanki ke yi miki, ke kina ɗaki kina ƙin cin abinci. Igiyar ma wani ne zai ja miki. Yau dai yi da hannunki ki ji yadda abin yake."

Na ce, "Bibi, don girman Allah," ta ce in rufe baki ko ta fara da ni. Ina tsammanin matar za ta jefar da gudumar ta yi kuka, su rungume juna, kamar yadda mutanen kirki ke yi. Ba ta jefar ba. Ta karɓa da hagu, ta dubi Bibi ido cikin ido, ta ɗaga.

Hagu ba ta iya saiti. Bugun farko ya sami ƙaramin yatsa, ya fashe kamar ɗanyen wake. Bibi ta ciji mayafinta, ba ta janye ba. "Behruz," in ji Nane Kobra, ta sake bugawa. "Behruz." Jini ya fantsamar mini a ƙafa. Ta ci gaba tana kiran sunan tana saukewa, muryarta na hawa, Gol-Bahar ta toshe kunnuwa tana salati. Sai bugu ɗaya ya sauka daidai tsakiyar bayan hannun, ƙashi ya ba da wata ƙara, ƙwas, wadda ta cika zauren ta dawo.

Nane Kobra ta tsaya da guduma a sama. Ta saurara kamar mai jiran a sake.

"Haka ya yi?" ta ce a hankali, ba da kowa take ba. "Haka kan yarona ya yi ƙara?"

Ta saki gudumar, ta rarrafa zuwa tsakar gida, ta yi amai a gindin rumman har ba abin da ya rage a cikinta. Bibi ta kife a kan akwatin, ta suma. Gol-Bahar ce ta yage ɗankwalinta, ta karya reshe biyu, ta ɗaure wa Nane Kobra karayar, ita kuwa ta bar ta ta ɗaure, ba ta dube ta ba. Da aka gama Nane Kobra ta tashi, ta ce in zare mata sakata. Ko sallama ba ta yi mana ba.

Likita ya yi iya yinsa, amma ya ce abin da aka kawo masa ba hannu ba ne, tsakuwa ce a jaka. Bibi na kwance a asibiti, ba nisa da ɗakin Yadollah, labari ya zo. Ana jibi za a yi ratayar Nane Kobra ta je kotu ita kaɗai, hannu a rataye a wuya, ta ce ba ta son igiya. Kiyumars zai yi shekarunsa a kurkuku, amma zai fito da ƙafarsa. Jalil da Mansur sun daina yi wa uwarsu magana har aka yi idi biyu. Gol-Bahar ta sumbaci dokin ƙofarmu ranar da za ta tafi, ta so ta sumbaci bandejin Bibi, Bibi ta ce in ta taɓa ta sai ta fasa mata ɗaya gefen goshin.

Sau ɗaya Nane Kobra ta sake zuwa, da sanyin kaka. Zobe ta buga. Ba ta shigo ba, daga bakin ƙofa ta tsaya, hannunta ya warke a karkace.

"Kada ki ɗauka don ke na yi," ta ce da Bibi. "Ko don waccan. An ce wuya ma yana yin ƙarar nan in igiya ta ja. Ba na son in sake jin ta, shi ke nan."

"Shigo ki sha shayi," in ji Bibi.

"Ba na shan sukarin gidan nan."

Ta juya ta tafi, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu sukarin kwali muke saye, mai ƙananan murabba'ai, Bibi na cewa ɗanɗanonsa kamar alli. Gudumar kuwa, mai gida ya so ya rataye ta a bango don baƙi su ɗauki hoto, na ce in ya yi haka ya nemi wata mai shimfiɗar. Tana ƙasan akwatina. Bibi na nan a zaure kan dardumarta, hannun a cinya, tana zagin masu wasa da ƙofa kamar da. Abu ɗaya ne ya canja, kuma shi ya fi hannun ba ni tausayi. In ƙarfe ya yi ƙara, na maza ne ko zoben mata, takan tashi ta je bayan ƙyaure, ta kara bakinta a katako, da muryar da ba ta kai rabin tata ta da ba, ta ce, "Wane ne?"